Yadda mai ɗaukar hoto zai tsare kayan aikinsa a tafiyar Umara da Hajji, da abin yi idan sun ɓata

Na yi shekaru ina bin ayarin alhazai da masu Umara ina ɗaukar musu hoto da bidiyo, wani zubin da kamfanin jirgin yawo, wani zubin da ayarin jiha. Cikin kayan abokan sana'a da na ga sun salwanta a Saudiyya, kaɗan ne ƙwarai aka sace. Yawancinsu a wurin hawa da sauka aka baro su: cikin mota, kan kujerar filin jirgi, gindin tanti a Mina. Ni kaina ya same ni. Mun taso daga Madina, muka tsaya a Zul-Hulaifa don ɗaukar harami, muka fito aka ce motarmu ta sami matsala, a koma wata. Na bi mutane da kyamara a wuya ina ɗaukar talbiyya, jakar da ke da lensi biyu da katunan memori na aikin kwana shida kuwa tana can saman kujerar tsohuwar motar. Sai da muka yi nisa na tuna. Abin da zan zayyana maka a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga ranar.

Kayan da za ka tanada

Jaka ɗaya ta goyo mai soso a ciki, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujerar jirgi. Wadda zif ɗinta ke ɓangaren da ke manne da bayanka ta fi, don ba mai buɗe ta a cunkoso ba ka ji ba. Idan babu hali, jakar makaranta ma ta isa, ka naɗe kowane lensi da tawul ko safa mai kauri. Ni na fi son jakar da ba ta da tambarin Canon ko Nikon a jiki, don ba ta shelar abin da ke cikinta.

Ƙaramar jakar ƙugu, ko bel ɗin harami mai aljihu, ta katunan memori da fasfo.

Ƙaramin akwatin katunan memori. In babu, gwangwanin alewa da aka shimfiɗa wa ƙyalle yana yi.

Ma'ajiyar hotuna ta waje, irin wadda ake jona wa kwamfuta, da abin karanta kati.

Alƙalamin maka mai rubutun da ba ya gogewa, salatif mai kala mai haske, sitika, ƙananan kwaɗo biyu, da siririyar igiyar ƙarfe irin ta ɗaure keke.

Na'urar bibiya, wadda ake sa wa a jaka ta riƙa nuna maka inda take a wayarka, AirTag idan wayarka iPhone ce, SmartTag idan Samsung ce. Ka sa mata sabon batir kafin tafiya.

Layin waya na Saudiyya mai data. Ana sayar da shi tun a filin jirgi.

Soket mai baki da yawa. Bakin soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, amma wanda ya taso daga Nijar sai ya nemi adafta.

1. Rubuta abin da ka mallaka tun kana gida

Shimfiɗa kayan gaba ɗaya a kan tabarma ka ɗauke su hoto ɗaya. Sannan ka bi su ɗai-ɗai kana ɗaukar lambar siriyal: ta kyamara tana ƙasanta kusa da ramin da ake ɗaura ta a kan ƙafa-uku, wato sandar kafa kyamara, ta lensi tana jikinsa ko a zoben ƙarfen da ke shiga kyamara. Rubuta sunan kowane abu da lambarsa a takarda guda, ka haɗa da hoton rasit idan kana da shi. Tura wa kanka ta imel, ka tura wa wani na gida ta WhatsApp, ka buga kwafi biyu a takarda.

Wanda ya sayi kyamararsa ta hannu ba rasit, ya koma wurin wanda ya sayar masa ya rubuta masa takarda mai ɗauke da lambar. Kuma ka sani, kyamarori da yawa suna rubuta lambar siriyal ɗinsu a cikin bayanan da ke ɓoye a kowane hoto. Tsohon hoton da ka ɗauka da ita, wanda bai bi ta WhatsApp ba, shaida ne cewa taka ce. WhatsApp da Facebook suna goge waɗannan bayanai, don haka ka adana na asali.

A nan ne kuma za ka rage kaya. Sabon shiga yakan kwashe duk abin da ke shagonsa. Aikin alhazai ba ya buƙatar haka: kyamara ɗaya, lensi mai zuƙowa na yau da kullum, wani ƙarami mai ganin dare, makirfo, batura. Duk abin da ka ƙara, ka ƙara abin ƙirgawa ne sau goma a rana. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuwa ka bar shi a gida, sai idan kana da izinin hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya a rubuce. Ba tare da shi ba ana iya riƙe shi tun a kwastan.

2. Sa wa komai alama

Rubuta sunanka da lambar waya a sitika ka manna a ƙasan kyamara, a cikin murfin batir, a jikin caja, a kan akwatin memori. Lambar ta fara da +234 ko +227, kuma ta kasance mai WhatsApp. Da ka sami layin Saudiyya ka ƙara shi. Cikin jakar ka sa kati mai sunanka da sunan masauki, da boko da kuma Larabci. Direban da zai tsinci jakarka yana iya zama Bamisre ko ɗan Pakistan, mai shara ɗan Bangaladash, amma kowannensu zai iya karanta lamba ya kira.

Hoton farko a kowane katin memori ya zama hoton wannan kati mai sunanka. Duk wanda ya kunna kyamarar zai iya cin karo da shi.

Ga wani abu da ya shafi alhazan jiha musamman. Jakunkunan da ake raba musu iri ɗaya ne, kala ɗaya, ɗinki ɗaya, ɗaruruwa a jirgi guda. Na sha ganin dattijo ya saɓi jakar wani da zuciya ɗaya ya kai ta ɗakinsa, ba a gano ba sai bayan kwana biyu. Idan dole ka sa wani abu naka a irin wannan jaka, naɗe hannunta da salatif mai kala, ka ɗaura mata ƙyallen atamfa da za ka hango daga nesa.

3. Raba kayan gida uku

Na farko, abin da ba ya barin jikinka: fasfo, waya, katunan memori da aka riga aka cika. Na biyu, jakar goyo: kyamara, lensi, batura, kwamfuta. Na uku, uwar jaka da za ta shiga cikin jirgi: ƙafa-uku, wayoyin caji na ƙari, fitila idan babu batir a cikinta.

Kyamara da lensi ba sa shiga uwar jaka ko da wasa. Dalili shi ne yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya da Saudiyya duk suna ciki, ta sa iyaka a kan diyyar da kamfanin jirgi zai biya idan kaya suka ɓata. Daga ƙarshen Disamba 2024 iyakar ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗin da ake kira SDR, wato wajen dala 2,000, kuma wannan na dukan kayan fasinja ne, ba na kowane abu ba. Lensi ɗaya mai kyau yana iya cinye wannan kuɗi.

Batura kuma doka ce ta hana. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura, har da fawa banki, a hannu ake riƙe shi saboda gudun gobara. Wanda bai wuce Wh 100 ba, wato ma'aunin ƙarfin batir, yana wucewa ba sai da izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma biyu kacal. Batirin kyamara na yau da kullum bai kai 20 ba, fawa banki mai mAh 20,000 kuma wajen 74 yake, don haka yawancinmu ba mu da matsala. Manyan baturan fitilar bidiyo ne ake dubawa. Rufe bakin kowane batir da salatif don kada ya taɓa ƙarfe. Fawa bankin da rubutun jikinsa ya goge, ana iya karɓe shi a wurin bincike, ka bar shi.

Kilon jakar hannu kaɗan ne, na alhazan Najeriya an saba da kilo 8. Idan ta yi nauyi, rataya kyamarar a wuya, ka zuba batura a aljihun riga.

4. A filin jirgi

Wuri mafi haɗari shi ne na'urar binciken kaya. Ka zuba kaya a tire uku, an tsayar da kai ana lalube ka, kayan sun riga ka fita, mutane suna ta ɗauka. Kada ka tura tiren kyamara sai ka ga layin gabanka ya buɗe. Fara tura takalmi da bel, kyamara ta zo ƙarshe, don ku fita tare. A can ɓangaren ka tsaya ka mayar da komai mazauninsa kafin ka ɗaga ƙafa, ko da ana kiran jirgi.

Wani lokaci a bakin jirgi ma'aikata za su ce wurin kaya na sama ya cika, a kawo jakunkunan hannu a sa a ƙasa. Yi musu bayani cikin ladabi cewa batura ne da kyamara, kuma za ta shiga ƙarƙashin kujera. Idan suka dage, buɗe a gabansu ka kwashe kyamara, lensi da batura a jakar leda ko ƙaramar jakar yadi da ka tanada, ka ba su fankon.

Ƙaramar sitikar lambar kaya da ake manna maka a bayan tikiti ko fasfo, ɗauke ta hoto nan take. Ita ce kaɗai hujjarka idan uwar jaka ba ta fito ba.

Idan an sauka, ko a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda ko na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina, akwai dogon zama da gajiya, mutum ya kwana bai runtsa ba. In za ka gyangyaɗa, zura ƙafarka a hannun jakar. Masu lodin kaya za su yi ta kwasar jakunkuna zuwa mota, kuma ba su san bambancin jakar tufafi da ta kyamara ba. Taka tana bayanka, kada ka miƙa.

5. Ƙirga a kowane hawa da kowace sauka

Wannan shi ne matakin da ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ne wanda na tsallake ranar Zul-Hulaifa. Ka san adadin abubuwan da ke jikinka, ka riƙe lambar a ka. Nawa huɗu ne: jakar goyo, kyamara, jakar ƙugu, waya. Duk lokacin da na tashi daga zaune, a mota ne, a masallaci ne, a wurin cin abinci ne, sai na taɓa su ɗaya bayan ɗaya na ƙirga huɗu, sannan na waiwaya na dubi inda na tashi. Abin ba ya cin daƙiƙa biyar. Ranar da ka ƙara abu na biyar, ko ledar dabino ce, ka canza lambar da bakinka.

A motar ayari kada ka sa jakar a saman kujera, kada kuma ta shiga but. Tsakanin ƙafafunka za ta zauna. Abin da ido ba ya gani shi ake mantawa. Kafin ka hau, ɗauki hoton motar: lambarta, sunan kamfanin da ke jikinta, da lambar da aka manna a gilashin gaba. A Zul-Hulaifa, a Ƙuba, a Uhudu, motoci iri ɗaya suke jeruwa da yawa, kuma direbobi sukan matsa daga inda suka sauke ku. Karɓi lambar wayar direba idan ya yarda. Ko minti goma za a tsaya, sauka da jakarka. Ban da mantuwa, motar da aka kashe a ranar Hijaz tana zama tanda, zafin yana lalata batir, yana kuma taɓa man da ke cikin lensi.

Tasi kuwa, wadda aka kira ta manhaja irin Uber ko Careem ta fi, domin sunan direba da lambar mota suna nan a wayarka bayan ka sauka. Idan ta bakin titi ka tare, ɗauki hoton lambarta kafin ka shiga, kuma kada ka biya kuɗi sai kayanka sun sauka ƙasa.

Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita 450. Yana da wurin ajiye manyan jakunkuna a bakin ƙofar kowane tarago, nesa da kujera. Can uwar jaka za ta zauna, jakar kyamara kuma a cinyarka.

6. A masauki

Ɗakin alhazai mutum huɗu ne ko fiye, ƙofa a buɗe take yini, baƙi na shiga gaisuwa, masu tallan abinci da tsaraba suna kai-kawo, musamman a masaukan Misfala da kewayen Sharar Mansur inda 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka suke da yawa. Ba zargin kowa nake ba. Wuri ne da ba wanda zai iya cewa ga wanda ya shiga ga wanda ya fita.

Idan ɗakin yana da akwatin ƙarfe mai lamba, sa kyamara da ma'ajiyar hotuna. Idan babu, sa su a uwar jaka, ka kulle da kwaɗo, ka ɗaure ta da igiyar ƙarfe a ƙafar gado. Wasu otal suna karɓar ajiya a wurin karɓar baƙi. Idan za ka ba su, a rubuta abin da ka bayar, a sa hannu, ka riƙe takardar.

Caji yana cinye kaya fiye da yadda ake zato. Mutum ya jona batir a bayan labule ko a falon otal, ranar tashi ya manta. Wuri ɗaya za ka riƙa caji, a kan soket ɗinka mai baki da yawa, kusa da gadonka. Ranar barin Madina ko Makka ka duba ɗakin sau biyu, har ƙarƙashin gado da banɗaki, ka fito da takardar nan ta mataki na 1 ka bi ta layi-layi.

7. Masallacin Harami

Kada ka nufi Harami da babbar kyamara da ƙafa-uku sai kana da izinin ɗauka a rubuce. Askarawan bakin ƙofa sukan mayar da mai ita, haka ma mai babbar jaka. A nan ne mutane suke yin kuskuren da ya fi ciwo: an tayar da salla, an hana shi shiga, sai ya tura jakar bayan wani ginshiƙi ko wurin takalma ya ce yanzu zai fito. Masu tsabtace wurin ba sa barin kaya a yashe, kwashewa suke yi. Akwai wuraren ajiya a harabar masallacin, ana kiransu amanat, amma ni shawarata kayan su kwana a masauki, ka je ibadarka da waya kawai. Ka zo ɗawafi ne, kuma zuciyar da ke kan jaka ba ta natsuwa.

Ka kuma kiyaye wa kake ɗauka. Dokar Saudiyya ta laifukan intanet ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya ko tarar da za ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamara. Kada ka ɗauki matan mutane, ko jami'an tsaro, ko shingen bincike. Kayan da aka karɓe a hannunka saboda haka ma asara ce, kuma dawo da su ya fi na wanda aka manta a mota wuya.

8. Kwanakin Mina, Arafa da Muzdalifa

Daga 8 ga Zul-Hajji zuwa ƙarshen jifa, ka koma mafi ƙarancin kaya: kyamara ɗaya, lensi ɗaya a jikinta, batura, fawa banki. Sauran su zauna a kulle a Makka. Tantunan Mina kamarsu ɗaya, ba su da ƙofar kullewa, kuma kowa yana fita jifa a bar su wayam. Daren Muzdalifa a fili ake kwana cikin dubban mutane, don haka ka yi matashin kai da jakar, hannunta a naɗe a damtsenka. Wurin jifa kuma ka juyo da ita ƙirjinka. Harami ba shi da aljihu, mayafin yana zamewa, hannu ɗaya yana riƙe da tsakuwa, shi ya sa igiyar kyamara za ta ratsa ƙirji ta ƙarƙashin hammata, ba a kafaɗa ɗaya ba. 'Yan'uwa mata masu wannan sana'a sun fi mu sauƙi a nan, jakar ƙugu tana shigewa ƙarƙashin hijabi.

Idan abu ya faɗi a tsakiyar cunkoso, kada ka sunkuya. Ko kyamarar ce, bar ta.

9. Kwafe aikin kowace rana kafin ka kwanta

Kyamara ana sayen wata. Hoton Hajiya tana kuka a Arafa, a hajjin da ta yi shekara goma tana tara kuɗinsa, ba a sake shi. Abin da ya hana ni barci a kan jakar Zul-Hulaifa ke nan, ba lensin ba.

Kowane dare ka kwafe katin zuwa ma'ajiyar waje, kuma kada ka goge katin. Cire shi ka sa a jakar ƙugu, gobe ka sa sabo. Shi ya sa katuna ƙanana da yawa suka fi babba guda ɗaya: idan kyamara ta tafi, da aikin yini ɗaya ta tafi. Kati da ma'ajiya kada su kwana a jaka ɗaya. Idan kyamararka mai ramin kati biyu ce, saita ta ta riƙa rubutawa a duka biyun. Wanda ba shi da kwamfuta ya sayi abin karanta kati mai shiga waya, ya kwafe zaɓaɓɓun hotuna, ya tura su Google Drive idan intanet ɗin otal ya saki, galibi bayan tsakar dare.

10. Idan abin ya faru

Ka yi istirja'i, ka zauna, ka tuna wuri na ƙarshe da ka taɓa kayan da hannunka. Duba hoton ƙarshe a wayarka, yana ɗauke da lokaci. Buɗe manhajar na'urar bibiya. A Makka da Madina tana aiki sosai saboda yawan wayoyin da ke kewaye, amma a hanyar sahara takan yi shiru sai motar ta shiga gari. Idan ta nuna kayan suna wani gida ko ɗaki, kada ka je kai kaɗai ka buga ƙofa, ka kai wa 'yan sanda.

Idan a mota ne, sanar da shugaban ayari nan take, ka ba shi hoton motar. Shi zai kira ofishin mutawwifi, mai kula da hidimar alhazai a Saudiyya, ko kamfanin motocin. Sa'o'in farko su ne komai, domin motar tana sauke ku za ta ɗauki wani ayari, wataƙila 'yan wata ƙasa.

Idan a tasi ne, shiga tarihin tafiye-tafiyenka a manhajar, akwai wurin rahoton abin da aka manta. Ka biya direban kuɗin dawowa da alheri a kai.

Idan a jirgin sama ne, kada ka fita daga zauren ɗaukar kaya sai ka je teburin kamfanin an cika maka takardar rahoton kaya da ake kira PIR, an ba ka lambarta. Wanda ya fita ba ita ya raunana ƙararsa. Kayan da suka iso a fashe, kwana 7 kake da su ka kai ƙorafi a rubuce. Jakar da ba ta zo ba har kwana 21, ana ɗaukarta ta ɓata, daga nan sai maganar diyya.

Idan a Harami ne ko harabarsa, tambayi kowane askar ko ma'aikaci: "Wen maktabul mafƙudat?" wato ina ofishin kayan da suka ɓata. Kada ka yanke ƙauna da wuri. Hadisi ingantacce ya zo cewa tsintuwar Makka ba ta halatta sai ga wanda zai yi cigiyarta, kuma mutane da yawa suna tsoron wannan, ga kyamarorin tsaro ko'ina. Kaya sukan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin su isa ofishin, don haka ka koma fiye da sau ɗaya, da takardar lambobinka da hoton kayan. Kai ma idan ka ga kayan wani, nuna wa ma'aikaci, kada ka ɗauka.

Idan a otal ne, gaya wa manaja, ka faɗi lokacin da ka fita da lokacin da ka dawo. Ba za su ba ka bidiyon tsaro a hannu ba, sai 'yan sanda sun nema, kuma ba a ajiye shi har abada. Kada ka tara mutane kana nuna mai shara da yatsa ba hujja. Talaka ne da ya baro ƙasarsa neman abinci, zargi kaɗai yana iya raba shi da aikinsa.

11. Rahoton 'yan sanda

A yankin Makka, har da Jidda da Ɗa'ifa, lambar gaggawa 911 ce. Lambar 'yan sanda da aka sani a ƙasar ita ce 999. Don rahoton ɓatan kaya ka je ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, na unguwar da abin ya faru, da fasfo ko katin Nusuk na shaidar alhaji, da takardar lambobin, da wanda yake jin Larabci sosai. Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da ta Ummul Ƙura a Makka suna taimakawa ƙwarai a irin wannan, haka jami'an hukumar alhazai da ke masaukinku. Faɗi gaskiyar abin da ya faru. Idan mantawa ka yi, ka ce mantawa, kada ka ce sata don a ɗauki abin da zafi. Tabbatar an rubuta lambobin siriyal daidai, ka karɓi lambar rahoton. Inshora, idan kana da ita, ba ta biya sai da wannan lamba. Idan fasfo ya tafi tare da jakar, wannan ya riga komai, sai ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda.

Bayan haka ka baza cigiya a zaurukan WhatsApp na ayari da na Hausawa mazauna Makka da Madina, da hoton jakar. Kada ka sa lambar siriyal gaba ɗaya, ka ɓoye ƙarshenta don tantance mai gaskiya. Ka riƙa leƙa Haraj, dandalin da ake sayar da kayan hannu a Saudiyya. In ka ga mai kama da naka, 'yan sanda za ka kai wa.

12. Ci gaba da aiki

Gaya wa waɗanda suka ɗauke ka aiki a ranar, kada su ji a bakin wani. Faɗa musu abin da ya tsira da abin da ya tafi. Wayar zamani tana ɗaukar hoton da zai fitar da kai kunya idan akwai haske, kuma abokan sana'a daga wasu ayarin sukan ba da aron lensi na yini. Ziyarar da za a iya maimaitawa, kamar Jabalur Rahma ko gindin Dutsen Nur, ka roƙi alhazan ku koma da sassafe, kuɗin mota a kanka.

13. Idan ranar komawa ta zo ba a samu ba

Nemi amintaccen mutum mazaunin garin, ka rubuta masa takardar wakilci da Larabci mai sunanka, lambar fasfo, lambar rahoto da jerin kayan, ka sa hannu, ka haɗa da kwafin fasfo. Ka kai shi ya ga ofishin da ka kai cigiya, su san fuskarsa. Bar layinka na Saudiyya a kunne a waya, ko ka bar shi a hannunsa, tunda lambar ce a jikin kayan. Na'urar bibiya kuma ka sa ta a yanayin abin da ya ɓata, da lambar da za a same ka.

Tawa jakar ta wannan hanya ta dawo. Kwana tara bayan na koma Kano, wani mai wankin motoci a garejin kamfanin ya ga katin da ke ciki ya kira layin, wakilina ya je ya karɓa, ya ba shi tukuici. Ya damƙa wa wani mai Umara da ke dawowa, muka yi magana da shi ta waya ya buɗe jakar a gabansa suka ƙirga tare. Idan taka ta zo haka, ka roƙi mai kawowa ya riƙe ta a hannu, kada ta shiga uwar jaka, ka kuma sa wakilin ya kwafe katunan a can kafin su taso.